Tallan Giya Bisa Sunan Baba

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya aiki, ya sanyin Jos? Mu nan Ƙaura lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. An fara koya muna haɗa shafin intanet a makaranta, sai zumuɗi ya sa na fara da shafin Islamiyyar Baba. Na tafi shagon intanet a Gusau, na ɗora shafin inda ake ba da wuri kyauta. Ashe masu wurin, talla suke liƙawa a shafin mutum, ba su shawartar kowa. Jiya na buɗe, sai ga kwalbar giya da wata mace ba kallabi, daidai bisa sunan Baba! Na yi na yi in cire, abin ya ƙi.

Ka san yadda gari yake tun da anka fara Shari'a. Ga shi na riga na ba Kawu alƙali na Shinkafi adireshin, ya ce ran Litinin zai kai abokansa Gusau su gani.

Don Allah ka tambayo yadda ake goge shafin gaba ɗaya, ka aiko mini ta hannun direba. Ka sa ni addu'a, ka gaida su Hajara. Kada Baba ya ji. Har yau da safe albarka yake sa mini kan aikin.

Ƙanenka,
Bashir