Mahaucin Littafi da Mahaucin Tabotaki

Tabotaki, 4 ga Maris 1983

Aminina Isufu,

Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka da Cima da yara. Yaya ciwon ƙafar? Yaya mutanen Madawa? Mu nan sai godiyar Allah.

Bayan haka, kada ka jira godiya. Littafin Faransancin da ka aiko mini, na kisan mai otel ɗin nan, ba shi da ƙarshe. Shafi goma sha ɗaya babu. Shekara ashirin kana mushen lakwal, kana koyar da yara, amma duba bayan littafi ya gagare ka?

Ka san kullum bayan la'asar nakan zauna gindin gawo in fassara wa dattawa abin da nake karantawa. Sunayen Turawa sun ƙi zama bakinsu, sai na raba wa mutanen littafin sunayen 'yan gari. Mahaucin ciki na sa masa Hamani, sunan mahaucinmu. Malamin makaranta, wani salihi mai tabarau, na ba shi nawa. Aka yi ta dariya.

Marubucin mugu ne, amma ya iya. Har tuwo na bari ya huce saboda shi. Kowane babi sai ya ƙara haska wuƙar mahaucin, kuma daidai inda jandarma ya tara kowa zai faɗi mai laifi, nan takarda ta ƙare.

Gari kuwa ya gama shari'arsa: Hamani ne ya yi kisa. Abin ya fara da zolaya, har ya isa kunnen matan da ba su ji farkonsa ba. Sun daina sayen nama. Ranar kasuwa Hamani ya koma gida da rabin akuya, kuma ya daina amsa gaisuwata. Mutum mai 'ya'ya bakwai! Ka tono mini shafukan nan ko'ina suke.

Naka cikin fushi,
Rabo

Tabotaki, 19 ga Maris 1983

Isufu,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Ka gaya wa Cima shafukan sun iso suna ƙamshin albasa. Ashe ita ta yage su ta ƙulle irin shuka da su. Ita na yafe mata. Kai ne ban yafe wa ba, don ka karanta littafin, ka ga wasiƙata, amma ba ka gaya mini mai laifin ba.

Ashe malamin ne ya yi kisan! Na ce marubucin ya yi ha'inci, na wurgar da shi. Da na sake dubawa, sai ga alamar tun babi na uku: ƙurar alli a hannun rigar mamacin. Ni da na ci alli rabin rayuwata na wuce ta ban gani ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ba na ɓoye maka, na so in ɗora wa wani baƙo laifin, tunda ni kaɗai ke jin Faransanci a gindin gawon. Sai na ɗaga kai na ga Hamani ya zo, karo na farko, yana tsaye bayan dattawa. Na karanta yadda yake, da sunana, har sau biyu don Maigari ya ce bai ji ba.

Jiya kafin azahar naman Hamani ya ƙare. Ya aiko mini da hanta, da saƙon in kwantar da hankalina, shi ba zai kira jandarma ba.

Kada ka ƙara aiko mini irin wannan littafi. In kuwa mugun ya rubuta wani, ka aiko, amma ka bari sai Cima ta gama shuka albasarta.

Naka,
Rabo mai kisa