Muryar Auta a Ɓangaren Gwaji

Ɗana, abokin Autana,

Assalamu alaikum. Ya maiɗakinka da jaririya? Na ji kai ka karɓi aikin manhajar awon ɗinki da marigayi ya bari. Allah ya yi maka albarka.

Jiya na kunna kwamfutar shago, manhajar ta sabunta kanta, sai ga wata mace tana karanto mini awon kafaɗa. Auta ne ke karantowa da, shi ya ɗauki muryarsa saboda raunin idona. Na zauna da almakashi a hannu, na kasa yanka komai. Ina ka kai mini yarona?

Mamanka tela.

Mama,

Wa alaikumus salam, tare da girmamawa. Ki yafe mini. Ma'ajiya ɗaya muke da ita, duk sabuwar manhajar da na saka sai ta danne tsohuwa, ta wuce kai tsaye zuwa shagon kowa. Wadda ta zo miki ma ta gwaji ce.

Amma albishirinki! Na samo tsohuwar a kwamfutar Auta. Yanzu na raba ma'ajiyar gida uku: ɓangaren gwaji, na wadda ta tabbata, da na tsofaffi. Kowace da lambarta, babu mai danne wata. Gobe zan zo in mayar miki da taki.

Akwai kuma wadda ya fara bai gama ba, da sababbin maganganunsa da ba ki taɓa ji ba. Na ajiye ta a gwaji. Takan rikice fa. In saka miki?

Ɗanki.

Ɗana,

Sallama da godiya. Tun da ka tafi ban zauna ba! Tsohuwar na yi wa aiki da ita, ta gwajin kuma na buɗe bayan la'asar. Kai, yaron nan! Na sa awon wata malamar makaranta, ya ce hannun rigarta ya fi tsawon zaninta. Na yi dariya har maƙwabciyata mai kitso ta leƙo, ta ce ko an yi mini miji ne. Sai ya yi tari a tsakiyar magana, ya ce, "Kash, bari in sake." Na maimaita wurin har wutar lantarki ta ɗauke.

Duk sabuwar da ka yi, turo mini in gwada kafin ta je wa mutane. Ka gyara awon hannun. Tarin kuwa ka bar mini shi.

Ka gaida jikata.

Mamanka.