Abin da Na Gani Kafin In Gudu

Ya hasken gidana, inuwata ta tsakar rana, ruwan randar da nake sha in manta da ƙishi! Malam, ni ce. Autarmu ke rubutawa, ita za ta karanta maka, don bakina ba zai iya ba, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu.

Tun ranar Talata kunya ta hana ni sakat. Ɗalibanka sun cika ɗakin karatunka, sun kunna maka kwamfuta, aikin nan da ka tsufa a kansa, na iskar da ke fitowa daga rana tana dukan duniya. Idonka ya riga ya tafi. Suna ta karanto maka lambobi, ka ce a'a, ni za a kira in faɗa maka kamannin abin. Wayyo ni! Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba? Na dire tiren shayi na ruga kicin, na bar ka da hannu a miƙe. Ina jin ka kana ce musu girkina ne zai ƙone. Ka rufa mini asiri, alhali ko wuta ban kunna ba.

Daga ranar ba ka sake cewa a kunna kwamfutar ba. Ina zan sa kaina?

To na gani, Malam. Wallahi na gani. Duniyar 'yar mitsitsiya ce kamar ƙwayar gyaɗa, wani shuɗin abu ya lulluɓe ta. Kamar mace ta yafa mayafi ta fuskanci iska: ta gaba ya manne mata, ta baya ya ja doguwar jela yana kaɗawa. Da jar iskar nan ta rana ta ƙaru sai ya matse, na ce yanzu zai yage. Bai yage ba! Ka tuna kana gaya mini garkuwar maganaɗisu ce, ina tankaɗe ina cewa to, to? Ashe haka take da kyau! Ashe ita ta hana ka cin abincina da zafi!

In shirme na faɗa, yi dariyarka, na yi kewarta. Amma don Allah ka sake kirana, sanyin zuciyata, ko ɗakin ya cika maƙil. Zan zauna gefenka in zame maka ido har ranar da nawa za su rufe.

Taka ce ni, ba ni da wani bayanka,
Uwar 'ya'yanka.