Inda Mota Ta Mutu Karo Na Biyu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sassauta maka ciwon gwiwa. Inna tana nan tana fama da mu. Jikin Baba kuwa sai addu'a. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ba ta dawo ba, sai dai ya bi mutum da ido.

Kawu, shekara goma sha ɗaya ke nan ba ka tako gidanmu ba, kuma na san dalili. Shekara ashirin kana tuƙa Baba kuna tattaro irin shuka, rahotanni suka fito da sunansa shi kaɗai. Ba wanke shi na zo yi ba. Dabara ce ta ƙare mini.

Ni ce yanzu ke riƙe da bayanan rumbun iri a cibiyar da kuka yi aiki. An kafa sabuwar ƙa'ida: duk cibiyoyi za su zuba bayanansu a rajista guda, da kalmomi iri ɗaya, don mai bincike na nesa ya gane abin da muke nufi. Kowane ambulan iri sai an cike masa ranar da aka ɗebo shi, lambobin wurin a taswira, da nau'in ƙasar da ya tsiro a kai, daga cikin sunaye goma sha biyu da aka yarda da su. Wanda bai cika ba za a fitar da shi daga ɗakin sanyi ƙarshen watan gobe, kuma ka fi ni sanin makomar irin da ya bar sanyi. Abin da ya fi ci mini rai, ina cikin kwamitin da ya rubuta ƙa'idar. Ni da bakina na ce irin da ba a san asalinsa ba shara ne. Har tafi aka yi mini.

Sai na buɗe littattafan Baba. Ambulan dubu uku da ɗari biyu, Kawu! Rana kam ya rubuta tsaf. Amma wajen wuri sai ka ga "inda mota ta mutu karo na biyu", ko "bayan gonar mai karnuka uku". Irin ƙasa kuma, wai "kamar ta bayan gidan surukaina". Na yi dariya, sai ga hawaye. Kwamfuta ba ta san surukansa ba, sai gurbin ya yi ja ya ƙi wucewa. Da na roƙi ƙarin lokaci, shugabarmu ta ce in ta ɗaga wa 'yar gida ƙafa, da wane ido za ta kalli saura. Wani abokin aiki ya ce in ƙago lambobi kawai, wa zai bincika. Ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu ina juya maganar. Amma a ciki akwai dawa mai jure fari, in na yi ƙaryar wurinta, wani manomi ne zai yi asarar damina. Na shimfiɗa wa Baba taswira a cinya, ya ɗora yatsa, yatsan ya zame, ya juya fuska ga bango. Tsoro nake ji, Kawu.

Kai kaɗai ka rage. Na ƙirga, wuraren ba su wuce ɗari da tamanin ba. Ga hotunan shafukan da taswira na haɗo. Ɗigon biro a taswirar kan kowane wuri kawai nake roƙo, don Allah, ko ba don Baba ba.

Rajistar tana da wani gurbi da babu a zamaninku: wanda ya gano irin. Ka duba ƙasan shafukan. Sau ɗari huɗu da bakwai Baba ya rubuta da hannunsa, "Direba ne ya hango, ba ni ba." Sunanka na sa a duk guraben. Amma rajistar ba ta karɓar layi sai an cike wuri, kuma ranar da aka fitar da ambulan, sunanka zai bi su.

Ka gaida Gwaggo, da Dogo, da Auta da mai gidanta. Inna ta ce in gaya maka har yanzu tana ajiye da kofinka.

'Yarka mai jiran amsa,
'Yar Baba