Na mari 'yata a gaban likita don ta faɗi gaskiya

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan shafi, da fatan kuna lafiya da iyalanku. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya da girmana. Don Allah kada a buga sunana, kuma ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku zage ni.

A Tudun Wada nake zaune, nan Jos. Maigidana tela ne, a ɗakinmu yake ɗinki. Bara tari ya kwantar da shi har yana tofar da jini, likita ya ce sigari ce ke cin huhunsa. A gaban yayansa ya rantse ya bari, ni kuma na yarda, don shekara goma sha biyu ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

To, muna da yarinya 'yar shekara shida, ita nake bar masa duk Litinin da Laraba in zan tafi aji bayan la'asar. Sai ta fara tari, ƙirjinta yana kuka, ba ta iya gudu da 'yan'uwanta. Na kai ta asibiti, likita ya ce fuka ce, ya tambaye ni, "Akwai mai shan sigari a gida?" Na ce babu. Yarinya ta ɗago kai ta ce, "Baba yana sha." Jama'a, hannuna ya riga tunanina. Na mare ta a gaban likita da nas, na ce ta daina yi wa ubanta ƙage, na ɗora laifin a kan kaskon gawayin da muke jin ɗumi. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Muka fitar da kasko, muka sha sanyin Jos wata biyu, tari sai gaba yake yi.

Larabar da ta wuce malamarmu ba ta zo ba, na dawo da wuri. Na tarar da ƙofa a rufe, taga a rufe, an cusa ƙyallayen ɗinki a ƙarƙashin ƙofa don kada wari ya kai wa maƙwabta. Da na tura, hayaƙi ya cika ɗaki, yana kan keken ɗinki da sigari a baki, ita tana tabarma tana tari, alewa a hannunta.

Na ce, "Malam, ashe haka ne?"

Ya ce, "Kara ɗaya ne, don sanyi."

Na ce, "Kana ji ranar da nake ba ka labarin na mare ta."

Bai kalle ni ba, sai cewa ya yi, "Maganar gida ba a kai ta waje."

Wato ya ji kunyar maƙwabta bai ji tausayin ƙirjin 'yarsa ba? Yaya aka yi ya ci tuwo a ranar da na mare ta, yana kallon shatin yatsuna a kumatunta? Na ba ta haƙuri, ta ce ba kome, amma yanzu in na tambaye ta abu sai ta duba fuskata kafin ta amsa.

Ranar Alhamis za mu koma asibiti. In na faɗi gaskiya likita zai ce a kira shi, yayansa zai ji ya karya rantsuwa, kuma maigidana ya ce in na tona shi in san inda zan kwana. In na yi shiru, magani ake ba ta ana mayar da ita cikin hayaƙi. Na daina zuwa aji, amma ba kullum zan tsare ɗaki ba. Iyaye mata da malamai, me zan yi?