Baba da Tarkon Sauro

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare mana kai a inda kake, ya dawo da kai lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta in an yi sanyi.

Na san hankalinka duk yana kan 'yarka, to ka kwantar da shi. Zazzaɓin da na gaya maka a waya, an gwada jininta ba a ga maleriya ba. Likita ya ce sauro na ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta da ba a gama saninsu ba, sai ya turo mana wata ma'aikaciyar bincike. Ta rataye tarko a bayan tagar yarinyar, wani abu mai 'yar fitila da fanka da jakar raga. Ta ce da ransa take son sauron, don a kai shi ɗakin gwaji a ga abin da ke cikinsa.

Kullum ta zo da safe, jaka wayam. A gidanmu fa, inda sauro ke hana mu hira! Ashe Baba ne. Da yamma sai ya lallaɓa ya kunna maganin sauro a ƙarƙashin tarkon, wai fitilar tana kiran su tagar jikarsa, shi kuwa ba zai zuba ido ba. Da matar ta yi masa bayani ya ba ni tausayi matuƙa. Idonsa ya ciko, yana tambaya ko shi ya ja wa yarinyar jinkiri.

Tun ranar shi ke gadin tarkon. Jaka ta cika, aka gano ƙwayar, likita ya ce irin wadda ke wucewa ce in an samu hutu da kulawa.

Jiya 'yarka ta fito tsakar gida da ƙafarta. Sauro ya sauka a hannun Baba, ya ɗaga ɗaya hannun zai buge shi, sai ta riƙe shi wai ya bari, na matar bincike ne. Baba ya hure shi a hankali, ita kuwa ta tuntsire da dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin ta kwanta, sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Inna, Gwaggo da maigidana suna gaishe ka. 'Yarka ta ce ka kira ta da kanka.

Taka har kullum,
Yayarka