Ƙafar Rabo da Kofin da Aka Ci a Ikko

Tafoki, ta Faskari,
27 ga Afrilu, 1980.

Zuwa ga ƙanena Hadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Suwaibatu da yara, ya kuma tsare ku da hayaniyar Ikko da motocinta. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ciwon bayanta, wata rana ta fito tsakar gida, wata rana ta wuni kwance. Rakiya ta sauka lafiya, an samu namiji, na sa mashi Yusufu. Shinkafa da madarar gwangwani da ka aiko ta hannun Gide direba sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Bazara ta yi zafi bana, rijiyar bakin kasuwa ta ja baya, sharar gona kuwa ni kaɗai nake fama da ita, domin samarin garin nan duk sun bi aikin kwangila Kaduna da Kano. Ko ka ɗauki kuɗi a hannu kana neman ɗan ƙwadago, sai ka kewaya gari ba ka samu ba. An ce ƙasa ta yi arzikin mai, mu dai abin da muka gani shi ne gonaki sun rasa hannu.

Dalilin rubuto maka shi ne maganar ɗan'uwanmu Rabo. Na daɗe ina juya ta a raina kafin in ɗauki biro, amma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya dole a kira dangi.

Ka san yadda ya zauna tun da ya dawo daga sansanin 'yan ƙwallon ƙasa shekara bakwai da suka wuce, da gwiwar nan da maɗori ya ɗora ta kama a karkace. Noma yana yi gwargwadon hali, kunya biyar ya huta, matarsa Kulu tana taimaka mashi da sana'ar ƙuli. Abin da ba ka sani ba, tunda rabonka da gida shekara huɗu ke nan, shi ne ya zama tafintan garin nan. Duk ranar da 'yan ƙwallon ƙasa, wato Green Eagles, za su yi wasa, sai a taru gindin ɗorawar ƙofar gidansa, a ajiye rediyo bisa turmi, mai sharhi yana zuba Turanci, Rabo yana mayar mamu da Hausa. Kuma ba ya tsayawa kan abin da aka faɗa, sai ya ƙara da nasa. A bakinsa muka ji cewa tun zamanin Turawa an taɓa ɗibar 'yan wasan ƙasar nan a jirgin ruwa zuwa Ingila, suka yi wasa ba takalmi. A bakinsa muka ji cewa da can jar riga suke sawa, sai bayan samun 'yancin kai aka koma kore. Ya san shekarar da aka zo na uku a Habasha, da wadda aka sake zuwa na uku a Gana. Ranar da Tunisiya ta fitar da mu a Ikko shekara uku da suka wuce, da ƙwallon da ɗan bayanmu ya jefa a ragarmu bisa kuskure, mutane suka yi ta tsinuwa, shi ko ya hana, ya ce wanda bai taɓa tsayawa gaban raga ba bai san yadda ƙwallo ke cin amanar mai ita ba. Tsofaffin da ba su taɓa ganin filin wasa ba sun iya kiran Okala da Chukwu da Muda Lawal kamar 'ya'yan maƙwabta, duk ta dalilinsa.

To, ranar Asabar ɗin nan ta watan jiya da aka ci Aljeriya uku da nema aka ɗauki kofin Afirka, na san kuna can kuna gani da ido, mu kuwa muna nan gindin ɗorawa. Ban taɓa ganin Rabo kamar ranar ba. Da Odegbami ya jefa ta farko tun ba a zauna da kyau ba, sai ya yar da sandarsa ya miƙe bisa ƙafa ɗaya yana kwatanta yadda aka yi. Da aka tashi, samari suka ɗaga shi sama suka kewaya da shi har bakin masallaci. Ni ma da ban damu da ƙwallo ba sai da na yi dariya. Amma da suka sauke shi na lura fuskarsa ta sake. Ya ce mani kawai, Yaya, an ci, sai ya ɗauki rediyonsa ya shige gida.

Bayan kwana kaɗan aka ji a labarai cewa gwamnati ta ba kowane ɗan wasa gida da mota. Daga nan masifar ta fara. Ka san bakin mutanenmu. Wannan ya ce Rabo ina taka motar, wancan ya ce ko tana hanya ne tayar ta yi faci. Ya yi ta yaƙe yana shanyewa. Sai ranar kasuwar Ƙanƙara, mun je sayen irin dawa, muna zaune rumfar mai shayi, wani Sha'ibu ɗan gidan Ɗanhausa, wanda ya yi wata shida yana aikin gini Kaduna ya dawo da agogo da wando mai faɗin ƙafa, ya ce gaban kowa wai shi ya tambaya a birni, babu wanda ya taɓa jin wani gola mai suna Rabo. Ya ce watakila daga kan mota ya faɗo ya karye, ya zo yana yi wa ƙauyawa tatsuniya. Aka bushe da dariya. Da muka dawo Rabo ya sa Kulu ta fito da akwatinsa don ya ɗauko takardar kiran da aka aiko mashi daga Ikko, sai aka tarar gara ta shiga, ta cinye ta tare da hoton da suka ɗauka a sansani. Ɗan gefen da ya rage ko suna babu.

Washegari da hantsi Kulu ta zo gona tana haki, ta ce ya ɗauki jaka ya hau motar Funtua, ya ce Ikko za shi. Na bar gatari nan na bi shi. Na same shi a tashar jirgin ƙasa zaune bisa benci, ƙafar a miƙe. Na yi mashi faɗa sosai, na ce wane irin kwaɗayi ne wannan, mota da gida rabon waɗanda suka buga ne, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya bari na gama, sannan ya ce shi wallahi ko keke ba ya so. Ya ce sati shida ya yi a sansanin nan, saura kwana goma a fitar da sunayen waɗanda za su buga wasannin Afirka na saba'in da uku ya yi karo da wani a wajen horo, kuma waɗanda ya kwana ɗaki ɗaya da su su ne suka ci zinariya a shekarar. Ya ce dole akwai littafin da aka rubuta sunansa, abin da yake so kawai a buɗe a nuna mashi, a ba shi 'yar takarda mai hatimi ya kawo gida, don kada 'ya'yansa su tashi ana ce masu ubansu maƙaryaci ne. Sai na ba shi shawarar da nake nadama yanzu, na ce Ikko ta yi nisa da wannan ƙafa, ya fara gwada Kaduna inda ya yi wa ƙungiyar masaƙa wasa, watakila a samu wanda ya san shi.

Kwana tara ya yi a Kaduna. A masaƙar an sake manya, abokan wasansa duk sun watse, mai gadin da ya san shi ya rasu. Ya je wani ofishi da ke kula da harkar wasanni, kullum akawu ya ce mashi maigida ya tafi Ikko bikin kofi, ya dawo gobe. Ya yi ta hawa bene yana sauka. A rana ta bakwai wani dattijo a ofishin ya ji tausayinsa, ya shigar da shi ɗakin tsofaffin takardu, suka yi ta tona har la'asar, ba su samu komai ba. Dattijon ya ce mashi ya yi haƙuri, wanda bai shiga fili ranar wasa ba ba a cika ajiye sunansa ba. Nan ƙafar ta kumbura kamar tulu. Gide ne ya gan shi a tasha ya ɗauko shi bayan motarsa bisa buhunan taki.

Na kai shi asibiti Funtua, likita ya ce gwiwar ta tara ruwa, sai an je wurin likitocin ƙashi a Kano, in aka yi jinkiri ana iya rasa ƙafar. Rabo ya ce ba inda za shi, ƙafar da ba ta iya ba da shaida ba me za a gyara ta a yi da ita. Rediyon ya ba da shi kyauta. Ba ya fita ko ƙofar gida, abinci sai Inna ta sa a ɗauke ta an kai ta ɗakinsa ta zauna kansa. Shekaranjiya ina shafa mashi man zafi sai ya tambaye ni, wai ni na yarda ya je sansanin ko ni ma kara nake yi mashi. Na ce na yarda mana. Ya ce, amma ai ba ka gani ba. Gaskiyarsa ce kuwa. Lokacin da yake tashe ni fushi nake yi da shi ya bar mani gona ya bi tamaula, ko sau ɗaya ban je na ga wasansa ba, ko na Funtua da ke nan kusa. Wannan abin yana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kai ne ka gani. Kana sabon zuwa Ikko lokacin, ka riƙa zuwa filin kana kallon horonsu ta bayan waya, kai ka kwana da shi asibiti, kai ka goya shi ka sa shi jirgi. Saboda haka ba kaya nake roƙo ba, kada ka aiko Gide da wani buhu. Ka nemi hutu wurin aikinka na tashar jiragen ruwa ko na sati ɗaya ne, ka zo kafin ruwa ya sauka hanyar Faskari ta lalace. Ka zauna gindin ɗorawa bayan sallar Juma'a, lokacin da gari ke cike, ka faɗi abin da idonka ya gani, da irin rigar da suka ba shi, da yadda yake tashi sama yana cafe ƙwallo. Na tabbata in ya ji an faɗa gaban jama'a zai yarda mu kai shi Kano. Ni na gaji, ƙanena. Gona biyu a wuyana, ga Inna, ga shi, kuma maganata ba ta da nauyi wurinsa a kan wannan. Zumunta a ƙafa take, ka taka ka zo.

Inna tana gaishe ka, ta ce a faɗa maka tana son ta ga Talatu 'yar wajenka da aka haifa ba ta taɓa ɗauka ba. Rakiya da Kulu suna gaida Suwaibatu. Baba Audi na Damari da Malam Lawwali na Sabuwa sun zo duba Rabo, sun ce a isar maka da gaisuwa. Ka gaida Alhaji Mani mai masaukinka da duk mutanenmu na can. Rabo bai san na rubuto ba, in ka zo ka ce ganin gida ya kawo ka. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da shi da ƙafafunsa biyu.

Ni ne yayanka,
Barau.